Yadda za ka bi diddigin alaƙar Mozart da ƙungiyar Firimason, daga takarda zuwa kunne

Duk wanda ya taɓa haɗa sunan Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan na Ostiriya, da kalmar Firimason ya nema a intanet ya san irin tarkacen da ke fitowa. Wannan ya ce kowane sauti uku a kiɗansa saƙon asiri ne, wancan ya ce 'yan ƙungiyar ne suka ba shi guba don ya tona musu asiri. Alhali kuwa wannan ɓangare na rayuwarsa yana da takardu masu yawa: rajistar halartar taro, wasiƙu, sanarwar jarida, da kundin da shi da hannunsa yake rubuta ranar da ya gama aiki. Saboda haka tsarin binciken guda ne. Ka fara da takarda mai kwanan wata, ka bi ta zuwa kiɗan, sai a ƙarshe ka duba alamomi. Wanda ya juya tsarin ya fara da alama, zai ji Firimason har a bugun agogon bango.

Abin da za ka tanada

Buɗe shafi a littafi ko a kwamfuta, ka raba shi gida huɗu a tsaye: kwanan wata, abin da ya faru, takardar da ta faɗi haka, da kiɗan da abin ya shafa. Gida na uku shi ne gishirin aikin. Labarin da ka rasa abin rubuta masa a nan, ajiye shi gefe kome daɗinsa.

Sai lambobin Köchel. A 1862 Ludwig von Köchel ya jera ayyukan Mozart ya ba kowanne lamba, ita ce kake gani da harafin K. ko KV. Da lamba ake neman kiɗa, domin sunan yakan canja daga harshe zuwa harshe. Akwai tarko a nan. Bugun jerin Köchel na 1964 ya sauya wa wasu ayyuka lamba, don haka K. 477 da K. 479a abu ɗaya ne. K. 429 kuwa ta koma K. 468a, wadda ba ta da haɗi da K. 468 in ban da kamar lamba, kuma duka biyun suna cikin abin da za ka nema. Sabon bugu na 2024 ya koma wa tsoffin lambobin, su za mu bi a nan.

Rubutaccen kiɗan kansa yana samuwa kyauta. Cibiyar Mozarteum da ke Salzburg ta ɗora tantataccen bugun ayyukansa, Neue Mozart-Ausgabe, a intanet tun 2006. Ko ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba, shafin farko zai nuna maka sunayen kayan kiɗan a gefen hagu da yawan alamomin ♭ ko ♯ da ke farkon layi, kuma waɗannan biyun sun isa rabin aikin. Kundin da Mozart ya riƙa rubutawa da kansa yana ɗakin karatu na British Library a Landan. Ya fara shi a Fabrairun 1784, wata goma kafin ya shiga ƙungiyar, ke nan duk shekarunsa bakwai a cikinta sun faɗo ciki, ko da yake bai shigar da kowane ƙaramin aiki ba.

Takardun da Jamusanci suke, sai ka riƙe 'yan kalmomi. Maurer magini ne, Freimaurer kuma ɗan ƙungiyar. Loge shi ne reshe da wurin taronsa, a nan za mu ce zaure. Matakai uku ne: Lehrling ɗan koyo, Geselle abokin sana'a, Meister gwani. Br. a gaban suna gajarta Bruder ce, wato ɗan'uwa.

Fahimci irin asirin da ake magana

Kalmar ƙungiyar asiri tana jan hankali zuwa tsafi da zubar da jini, kuma wanda ya shigo da wannan hoton a kansa zai karanta kowace takarda a karkace. Ƙungiyar ta samo siffarta ta zamani a Landan a 1717, ta aro kayan magina, guduma da kusurwa da kamfas, ta mai da su darasin ɗabi'a. Zauren farko a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buɗe shi a 1742, Sarauniya Maria Theresia ta sa aka watse shi a 1743, duk da cewa mijinta Franz Stephan ɗan ƙungiyar ne tun 1731. Fafaroma Clement na XII ya haramta ta a 1738, amma hukuncin bai yi aiki a ƙasashen gidan Habsburg ba, har limaman coci ana samu a zaurukan.

Zamanin Mozart, ƙarƙashin Sarki Joseph na II, zauruka takwas ne a Biyana, cike da ma'aikatan gwamnati, 'yan sarauta, likitoci, masu buga littafi da makaɗa. Abin da ake ɓoyewa shi ne tsarin bikin shigarwa da kalmomin gane juna. Sauran harkar lacca ce, liyafa, da tara kuɗi don mabukata. Mozart kuma bai bar cocin Katolika ba: a Yunin 1791 ya rubuta Ave verum corpus, K. 618, kuma a wannan shekarar ya karɓi muƙamin mataimakin shugaban kiɗa a babban cocin St. Stephan.

Cike gidan kwanan wata

Layin farko shi ne 5 ga Disamba 1784. A ranar zauren Zur Wohltätigkeit, ma'ana Kyautatawa, ya aika wa sauran zauruka sanarwa cewa an gabatar da sunan Mozart. (Shekara bakwai cif daga ranar ya rasu. Rubuta wannan a matsayin dace, kada ka gina kome a kai.) An shigar da shi a matakin ɗan koyo ranar 14 ga Disamba. Shugaban zauren Otto von Gemmingen ne, wanda suka san juna tun a Mannheim a 1778.

Matakin abokin sana'a ya same shi ranar 7 ga Janairu 1785, amma a wani zauren daban, Zur wahren Eintracht, Haɗin Kai na Gaskiya, wanda masanin ma'adinai Ignaz von Born ke shugabanta. Nan ne mutane da yawa suke kuskure su ce Mozart ɗan zauren Born ne. Baƙo ne mai yawan zuwa. Dalilin da ya sa sunansa ya fi fitowa a can shi ne takardun wannan zaure sun tsira, suna gidan adana takardun gwamnati na Haus-, Hof- und Staatsarchiv a Biyana, na zaurensa kuwa yawanci sun ɓace. Wannan ɓacewar ce ta sa babu takardar ranar da ya zama gwani. Abin da za ka rubuta shi ne: zuwa 22 ga Afrilu 1785 ya riga ya zama. Shafin da ya ba ka takamaimiyar rana, tambaye shi daga ina.

Joseph Haydn, mai tsara kiɗa kuma abokin Mozart, ya shiga zauren Born ranar 11 ga Fabrairu 1785. Za ka ci karo da masu cewa Mozart na tsaye a gefensa. Bai je ba, domin a daren yana ɗakin taro na Mehlgrube yana kaɗa sabon kiɗansa na fiyano, K. 466, kuma a ranar mahaifinsa Leopold ya iso daga Salzburg. Leopold shi ma ya shiga, da sauri ƙwarai don lokacin komawarsa ya ƙarato: ɗan koyo 6 ga Afrilu, abokin sana'a 16 ga wata, gwani 22 ga wata.

Ranar da ta raba labarin biyu ita ce 11 ga Disamba 1785, da Joseph na II ya fitar da dokar Freimaurerpatent. Ya taƙaita yawan zauruka, ya wajabta sanar da hukuma kafin taro, ya kuma ce a riƙa miƙa sunayen mambobi. A cikin dokar har ya kira bukukuwansu wasan rufa-ido. Zauruka takwas suka dunƙule suka zama biyu, Zur Wahrheit da Zur neugekrönten Hoffnung, Sabon Fata Mai Kambi, kuma na Mozart ya faɗa cikin na biyun. Jama'a suka yi ta zamewa, Born kansa ya fita a 1786. Mozart ya zauna har mutuwarsa. In kana neman hujjar cewa abin ya shiga ransa, wannan zaman ya fi duk ƙidayar sautuka uku nauyi, domin bayan 1785 zama ɗan ƙungiyar ya daina zama abin ado a Biyana.

Raba kiɗan kashi uku

Kashi na farko shi ne abin da aka rubuta wa zaure kai tsaye, da shaidar takarda ko ta kalmomin waƙar. Ba su da yawa. K. 468, Gesellenreise, mai kwanan wata 26 ga Maris 1785, murya ɗaya da ogan ko fiyano, don bikin hawa mataki na biyu. K. 471, Die Maurerfreude, an rera ta ranar 24 ga Afrilu 1785 don karrama Born kan hanyar da ya inganta ta fitar da azurfa da zinariya daga dutse ta amfani da zaiba. Valentin Adamberger ne ya ja baki, maza suka yi amshi. K. 477, kiɗan makoki. K. 483 da K. 484, na buɗe taro da rufe shi, don sabon zauren a Janairun 1786. Sai K. 623, wadda ya shigar a kundinsa ranar 15 ga Nuwamba 1791, kuma ita ce abu na ƙarshe da ya rubuta a ciki. K. 429 ma tana nan, amma guntuwa ce bai ƙarasa ba, abin da kake ji a faifai akwai hannun Maximilian Stadler a ciki.

Hanya mafi sauri ta gane ɗan wannan kashi ita ce muryoyi. Zauren maza ne zalla, don haka za ka ga siririyar muryar maza da kakkaura, 'yan amshi ma maza. In ka ji mace tana rera K. 468 a faifai, zaɓin masu faifan ne.

Kashi na biyu shi ne abin da ke ɗauke da tunanin ƙungiyar, ko wani ɗanta ya rubuta kalmominsa, amma ba don taron zaure aka yi ba. Nan K. 619 take, ta Yulin 1791, da kalmomin Franz Heinrich Ziegenhagen masu kiran mabiya addinai daban-daban su ƙaunaci juna. Nan ma K. 345 take, kiɗan wasan Thamos na Tobias von Gebler, wanda Mozart ya fara tun 1773 yana ɗan shekara 17, shekara goma sha ɗaya kafin ya shiga. Babban ɗan wannan kashi shi ne Die Zauberflöte, Sarewar Sihiri, K. 620.

Kashi na uku shi ne wanda masu sharhi suka liƙa wa suna saboda yadda yake a kunne. K. 410 da K. 411, gajerun kiɗan busa masu natsuwa, sun yi kama da abin da za a kaɗa a lokacin shigowar jerin gwano, kuma mai yiwuwa ne, amma babu takardar da ta ce haka. K. 465, wadda ya gama mako guda bayan hawansa mataki na biyu, tana farawa cikin duhun sauti sannan ta washe, sai aka ce hoton ɗan koyo ne da aka kwance wa ƙyallen ido. K. 543 kuwa laifinta kawai gidan sautinta, Es-Dur, wanda za mu duba a gaba. Saurare su, suna da daɗi, amma a shafinka gida na uku zai zauna fanko. Faifan da ke ɗauke da taken cikakken kiɗan Firimason na Mozart yakan zuba kasusuwan uku a tukunya ɗaya, har da Ave verum wani lokaci, don faifan ya cika.

Zauna da K. 477

Idan abu ɗaya za ka saurara da kyau, wannan ne. Gaɓa 69 ce kacal, minti biyar zuwa shida, ba murya. Kayan kiɗan: obo biyu, kilarinet ɗaya, ƙahon baset uku, babban basun mai zurfin murya, ƙaho biyu, da kayan tsirkiya. Ƙahon baset, duk da sunansa, ɗan gidan kilarinet ne, ya fi tsawo, muryarsa a lulluɓe.

Saurara sau uku. A karo na farko bi farkon kawai: kayan busa suna fitar da sauti biyu-biyu, ɗaya ya taso ɗaya ya kwanta, kamar ajiyar zuciya, kafin goge ya shigo. A karo na biyu jira wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. Za ka ji obo da kilarinet sun kama wata doguwar karin murya mai tafiya a hankali, taki ɗaya-ɗaya, goge yana kai-komo a kewayenta. Wannan karin ba na ƙungiyar ba ne, tsohon karin coci ne na rera Makokin Irmiya a makon da ke kafin Ista. Kiɗan zaure ne da kashin bayan coci, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa a wurin Mozart biyun ba kishiyoyi ba ne. A karo na uku saurari sautin ƙarshe. Tun daga farko kiɗan yana cikin c-Moll mai duhu, sai dunƙulen sauti na ƙarshe ya buɗe zuwa C-Dur mai haske. Faifan da aka yanke wutsiyarsa da wuri ya ɓata aikin.

Yanzu koma shafinka, akwai ƙulli. An kaɗa shi ranar 17 ga Nuwamba 1785 don makokin 'yan'uwa biyu, Georg August na Mecklenburg-Strelitz da Franz Esterházy, waɗanda suka rasu 6 da 7 ga watan. Amma a kundinsa Mozart ya rubuta watan Yuli, tare da sunayen mamatan. Ba a makokin mai rai. Ko dai ya shigar da shi daga baya ya kuskure wata, ko kuma kiɗan ya riga ya wanzu don wani biki aka sake amfani da shi. Masani Philippe Autexier ya bi ra'ayi na biyu, har ya sake gina wata siga mai muryoyin maza da ake kira Meistermusik. Idan ka ji K. 477 da 'yan amshi, wannan sake ginin ne kake ji, ba abin da Mozart ya bari a rubuce ba. Haka kuma biyu daga ƙahonin baset ɗin da babban basun daga baya ya ƙara su, shi ya sa wani faifan ya fi wani kauri.

Gwada kowace alama kafin ka yarda da ita

Alamomi uku ake yawan kawowa: gidan sauti na Es-Dur, wanda faifan Ingilishi ke rubutawa E-flat major, mai alamar ♭ uku, ƙahon baset, da bugun sauti uku kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Gwajin tambaya biyu ce. Shin alamar tana cikin duk kiɗan kashi na farko? Shin babu ita a ayyukan da ba ruwansu da zaure, musamman na kafin Disambar 1784?

Es-Dur ta faɗi duka biyun. K. 471 da K. 429 suna cikinta, K. 477 ma tana da ♭ uku, amma K. 468 tana da biyu, K. 623 kuwa C-Dur ce, ba ta da ko ɗaya. A ɗaya gefen, K. 271 ta 1777 da K. 364 ta 1779 duk Es-Dur ne. Dalilin na sana'a ne: ƙahon wancan zamani ba shi da maɓallai, kuma shi da kilarinet suna sakewa a wannan gida. Uku daga cikin manyan kiɗan ƙaho huɗu da ya rubuta Es-Dur ne saboda haka.

Ƙahon baset ma haka. Yana cikin wasan Die Entführung aus dem Serail na 1782, yana cikin Requiem, wanda kiɗan jana'izar coci ne. Abin da ya sa ya yawaita a 1785 shi ne akwai masu busa shi a hannu. Anton Stadler ɗan ƙungiyar ne, sannan wasu gwanaye biyu, Anton David da Vincent Springer, sun maƙale a Biyana babu kuɗin komawa gida, zauruka suka shirya musu kiɗan tara gudummawa a ƙarshen shekarar, Mozart ya kaɗa. Mai tsara kiɗa da abin da ke gabansa yake aiki.

Wannan bai kashe alamomin ba. Ma'anarsa alama ba ta tsayuwa ita kaɗai. Inda kalmomi, wurin kaɗawa da mutanen da suka yi aikin suka riga suka nuna zaure, alamar tana ƙara haske. Inda babu su, ♭ uku ♭ uku ne kawai.

Sarewar Sihiri: ƙirga da kunnenka

An fara nuna wasan ranar 30 ga Satumba 1791 a gidan wasa na Freihaus da ke unguwar Wieden. Fara da mutanen. Emanuel Schikaneder, wanda ya rubuta labarin ya kuma fito a matsayin Papageno, ya shiga wani zaure a Regensburg a 1788, aka dakatar da shi a shekara mai zuwa. Ignaz Alberti, wanda ya buga littafin wasan da zanen bangonsa mai cike da alamomi, ɗan ƙungiyar ne. Born ya wallafa dogon rubutu kan asiran Masar ta dā a mujallar zaurensa a 1784, labarin kuma ya aro abubuwa daga Sethos, ƙagaggen littafin Jean Terrasson na 1731 da 'yan ƙungiyar ke so. Da wannan shimfiɗa, alamomin nan suna da wurin zama.

Sa kiɗan share fage ka ƙirga. Kusan kowa zai gaya maka da bugu uku yake farawa. Ƙirga da yatsa: ɗaya, sannan biyu, sannan biyu. Dunƙulen sauti iri uku ne, bugu biyar. Masanin kiɗa Jacques Chailley ya ce biyar ɗin lambar zaurukan mata ce, ra'ayi ne, rubuta shi a matsayin ra'ayi. Bugun uku na gaske yana tsakiya: saurin kiɗan zai tsaya cak, kayan busa kaɗai su yi gajere, dogo, dogo, har sau uku, jimla tara. Shi ne yake dawowa a farkon kashi na biyu na wasan lokacin da limaman haikali ke shawara kan Tamino, jarumin labarin. Wane mataki wannan bugu yake wakilta, masana sun rabu, domin salon ƙwanƙwasa ya bambanta daga tsarin zaure zuwa wani.

Daga nan ukun a fili suke: mata uku, yara uku, ƙofofin haikali uku masu sunan Hikima, Hankali da Halitta. Ana rufe wa Tamino da Papageno fuska, ana yi musu tambayoyi, ana ɗora musu jarrabawar shiru, sai ta wuta da ta ruwa. Amma ka lura da abin da bai shiga awo ba. Waƙar Sarastro, babban limamin haikalin, da ta fi kowace bayyana aƙidar yafiya da 'yan'uwantaka tana E-Dur, mai ♯ huɗu. Tattakin limamai F-Dur ne. Waƙar soyayyar Tamino ga hoton Pamina ita ce Es-Dur. Mutanen nan biyu masu sulke da ke tsaron ƙofar wuta da ruwa, karin tsohuwar waƙar cocin Luther suke rerawa. Sannan Pamina, mace, ta shiga jarrabawar tare da Tamino har ita ke jan gaba, abin da zauren Mozart bai yi ba. Masu cewa Sarastro Born ne, Sarauniyar Dare kuma Maria Theresia, fassara ce da ta yaɗu bayan mutuwar Mozart, ba daga wasiƙarsa ko ta Schikaneder ta fito ba. Kada kuma ka manta gidan wasan na bayan gari ne mai neman kuɗin tikiti, Papageno da ƙararrawarsa don dariyar 'yan kallo aka yi su.

Wasiƙu

Biyu sun isa. Ta 4 ga Afrilu 1787 zuwa ga mahaifinsa da ke jinya, inda ya kira mutuwa aminiyar ɗan Adam ta gaskiya kuma mabuɗin farin ciki, ya ƙara da cewa mahaifin ya gane abin da yake nufi. Tunda dukansu gwanaye ne a zaure, yawancin masana suna ɗaukar wannan a matsayin ishara ga darasin mataki na uku. Sai jerin wasiƙun neman rance zuwa ga Michael Puchberg, ɗan kasuwar yadi, daga 1788 zuwa 1791. Za ka ga O.B. a gaisuwar, wato Ordensbruder, ɗan'uwa a ƙungiya. Jimlar abin da Puchberg ya ba shi ta kai gulden 1,400 da ɗoriya, a lokacin da albashin Mozart na fada gulden 800 ne a shekara. A nan 'yan'uwantakar ta fi fitowa fili.

Labarai biyu da za ka tsallake

Illuminati ƙungiya ce daban, Adam Weishaupt ya kafa ta a Ingolstadt ranar 1 ga Mayu 1776, gwamnatin Bavariya ta murƙushe ta a 1784 da 1785. Born da Gemmingen sun shiga, shi ya sa ake jawo Mozart. Sunansa ba ya cikin jerin mambobinta da aka samu.

Batun guba kuwa, bi shi zuwa tushe. Rajistar mutuwa ta rubuta zazzaɓi mai zafi da ƙuraje. Zargin 'yan Firimason ya fito ne daga marubuci Georg Friedrich Daumer a 1861, shekara saba'in bayan rasuwar, Mathilde Ludendorff kuma ta hura masa wuta a Jamus a shekarun 1920 da 1930 cikin farfagandar ƙin Yahudawa. Ajiye shi kusa da abin da takardu suka nuna: zauren ya yi masa taron makoki, Karl Friedrich Hensler ya yi jawabin yabo da aka buga a 1792, 'yan'uwan kuma suka buga K. 623 aka sayar don taimakon matarsa Constanze da 'ya'yansa biyu. Schikaneder, wanda ya rubuta kalmomin da aka ce sun tona asiri, ya rayu har 1812. Hoton nan na taron zaure da ke gidan tarihi na Wien Museum, wanda ake nuna mutumin ƙarshen dama a ce Mozart ne, shi ma hasashen masani H. C. Robbins Landon ne, babu suna a jikin zanen.

Jeren saurare na minti arba'in

Bi kwanan wata, ka riƙe fassarar kalmomin a hannu: K. 468, K. 471, K. 477, K. 483, K. 484, K. 619, sannan K. 623. Nemi faifan da ya yi amfani da ogan a K. 483 da K. 484 da 'yan amshi kaɗan, domin ɗaki aka rubuta wa waɗannan, babbar rundunar mawaƙa tana danne su. Za ka ji amshin mai sauƙi ne da gangan, tunda masu rerawar ma'aikatan ofis ne da 'yan kasuwa.

K. 623 ita ce mafi tsawo, wajen minti goma sha uku: siraran muryoyin maza biyu, kakkaura ɗaya, 'yan amshi, sarewa, obo biyu, ƙaho biyu da kayan tsirkiya. Mozart da kansa ya jagorance ta a bikin buɗe sabon ɗakin taron zaurensa. Wasu littattafai sun ce 17 ga Nuwamba 1791, wasu 18, rubuta duka biyun. Ranar 20 ga wata ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Kiɗan kuwa fara'a ce daga farko har ƙarshe, amshin buɗewa shi ke dawowa ya rufe.

Idan amshin ya ƙare, dakatar da faifan. Abin da yakan biyo baya shi ne K. 623a, waƙar riƙe hannu ta rufe taro, wadda aka maƙala a bugun 1792. Ba ta cikin rubutun hannun Mozart, ba ta cikin kundinsa, kuma masana da yawa suna danganta ta ga Johann Holzer, wani makaɗin zaure a Biyana. Karinta ne Ostiriya ta ɗauka ya zama taken ƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sababbin kalmomin Paula von Preradović a 1947. A shafinka, sa ta a kashi na farko ta fuskar amfani, amma gidan sunan mai ita ka rubuta da fensir.